Daga Samaru zuwa Panteka: inda ƙirƙirar jami'a take maƙalewa

Duk wanda ya saba zagaya rumfunan makarantu a kasuwar baje koli ta Kaduna ya san fasalin teburin. Ga injin ɓarar gyaɗa an shafe shi da koren fenti, ga na'urar busar da tumatir, ga kwalaben wani magani da aka tato daga ganye, ga ɗalibi cikin farar riga yana ta bayani har murya ta dushe. A 'yan shekarun nan an sami ƙari: wata takarda mai hatimi a cikin firam, an jingina ta da injin, tana shaida cewa gwamnatin tarayya ta ba makarantar mallakar wannan ƙirƙira. Ita ce 'yan boko ke kira fatent. In kasuwa ta tashi sai a loda komai a motar makaranta a mayar sito, baɗi a kakkaɓe ƙura a sake kawowa. Wanda ya tambayi nawa ne guda, kuma ina ake sayarwa, amsar ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, wannan samfur ne."

Jihar Kaduna ba ta rasa masu ƙirƙira ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya tun 1962, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ma ta girme ta da shekara 40. Ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, ga ta fasahar sinadarai a Basawa, ga ta fata da ƙirgi, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2004, ga cibiyar binciken cutar sammore a cikin gari. Jihohi kaɗan ne ke da rabin wannan. Abin da nake gani shi ne mun ɗauki karɓar takardar a matsayin ƙarshen aiki, alhali a duk matakan da ke tsakanin ɗakin gwaji da hannun mai saye, ita ce mafi sauƙi kuma mafi araha. Asarar tana faruwa ne kafin takardar da kuma bayanta.

Mu fara da abin da takardar take nufi a dokarmu, domin nan ne ruɗin ya samo asali. Dokar da ke aiki har yau ita ce ta 1970. Ta gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya zama akwai hikimar ƙirƙira a cikinsa wadda ba kowane masanin fannin ne zai hango ta kai tsaye ba, kuma ya zama ana iya sarrafa shi ko amfani da shi a masana'anta, har da aikin gona. Wanda aka ba takardar yana da ikon hana kowa ƙera abin, ko shigo da shi, ko sayar da shi, ko tara shi don sayarwa, na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardun neman, muddin yana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari.

Sai dai magatakardan ofishin ba ya bincika ko abin sabo ne. Dokar ba ta ɗora masa wannan ba. Abin da yake dubawa shi ne ko takardu sun cika: suna da adireshi, bayanin ƙirƙirar da zane-zanenta, jerin da'awowi, wato abubuwan da mai nema yake cewa nasa ne, shaidar biyan kuɗi, takardar wakilci in lauya ne ya shigar, kuma ƙirƙira ɗaya ce a fayil ɗaya. In sun cika, ya buga hatimi. Dokar da kanta ta ce ana bayar da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da tabbacin ingancinta ba. Ke nan mutum zai iya kwafo injin da wani ya yi wa rajista a Indiya shekara 30 da suka wuce, ya cike fom, ya karɓi takarda mai kyan gani. Ranar da ya kai wani ƙara Babbar Kotun Tarayya, lauyan ɗaya ɓangaren ya ajiye tsohon zanen Indiya a gaban alƙali, takardar ta zama tsumma. A Amurka da Turai da Caina akwai masu binciken ƙwaƙwaf da kan shafe shekaru suna jayayya da mai nema kafin su amince. Mu namu babu. Saboda haka in shugaban makaranta ya miƙe a taron yaye ɗalibai ya ce bana an sami takardu goma sha, abin da ya tabbatar kawai shi ne an cike fom goma sha daidai.

Tunda gwamnati ba ta tantancewa, tantancewar ta koma wuyan jami'a. Kuma ba abu ne mai tsada ba. Rumbun Patentscope na hukumar mallakar fasaha ta duniya, da Espacenet na ofishin Turai, da Google Patents, duk a buɗe suke kyauta ga mai intanet. Yini biyu ko uku na bincike mai kyau, da kalmomi daban-daban da kuma lambar rukunin da aka kasafta irin wannan fasaha, sun isa su nuna ko an riga mutum. Sau da yawa an riga shi, kuma wannan ba abin ɓacin rai ba ne. Fatent ɗin da wa'adinsa ya ƙare, ko wanda ba a taɓa yi masa rajista a Najeriya ba, ilimi ne da kowa zai iya ɗauka ya ƙera a nan ba tare da biyan ko sisi ba, ga cikakken zane, ga awo. Ni a ganina, da za a wajabta wa kowane ɗalibin injiniya wannan bincike kafin a amince da batun kundinsa, da an rage yawan injin sussukar masara iri ɗaya da ake sake ƙirƙirowa duk shekara.

Inda aka fi yin asara kuwa shi ne baki. Sabon abu a dokar nan yana nufin wanda ba a taɓa bayyana wa jama'a ba, a ko'ina a duniya, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani da shi, kafin ranar shigar da takardu. Ba a ware mai ƙirƙirar ba. In shi da kansa ya wallafa a mujalla, ya kashe abinsa. In ya gabatar da maƙala a taron ƙungiyar masana fanninsu, haka. In ɗalibinsa ya kare kundi a ɗakin taro a buɗe, aka kai kwafi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ko aka ɗora a rumbun jami'a na intanet, haka. Bidiyon minti biyu a Facebook ana nuna cikin injin yana aiki ma ya wadatar. Amurka tana yi wa mai ƙirƙira uzurin shekara guda bayan ya bayyana abinsa. Turai ba ta yi, mu ma ba mu yi. Rangwamen da dokarmu ta bayar guda ne: in an nuna abin a baje koli na ƙasa da ƙasa wanda hukuma ta amince da shi, cikin wata shida kafin shigar da takardu. Mai hankali ba zai jingina da wannan ba, domin sai an je kotu za a san wane baje kolin ne ya cika sharaɗin.

Ga kuma tsarin ƙarin girma yana tura malami daidai cikin ramin. Ana ƙirga masa maƙalu, kwamitin ƙarin girma yana zama a lokacinsa, shi kuma yana da 'ya'ya a makaranta. Wa zai ce masa ya riƙe maƙala? Amma ba a buƙatar ya riƙe ta shekara. Abin da ake buƙata shi ne jerantawa: a shigar da takardu yau, a aika maƙala gobe. Ranar shigarwa ita ce ke kulle haƙƙi. Abin da zai sa wannan ya yiwu shi ne fom mai shafi biyu ko uku da malami zai cike ya miƙa wa ofishin mallakar fasaha na makarantarsa: mene ne abin, su wa suka sa hannu a ƙirƙirarsa, wa ya bayar da kuɗin binciken, an taɓa faɗa wa wani a waje, yaushe ake shirin wallafawa. Sannan a ɗaure ofishin da wa'adi, a ce kwana 30 ko 45. In ya wuce bai ce uffan ba, malami ya wallafa abinsa. Kundin da ke ɗauke da ƙirƙira kuma a kare shi a rufe, masu jarrabawa su sa hannu a takardar riƙe sirri, a jinkirta ɗora shi a intanet na 'yan watanni. Hukumar NOTAP, ta gwamnatin tarayya mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, ta fara kakkafa irin waɗannan ofisoshi a manyan makarantu tun 2006, kuma tana taimaka wa masu bincike wajen shigar da takardu da ɗaukar nauyin kuɗin rajista. Ofis dai akwai, allo akwai. Abin tambaya shi ne ko malamin da ke sashen sinadarai ya san ƙofar.

Sai rubutun da'awowi, wanda yawancin masu bincike ke ɗauka kamar taƙaitaccen bayanin maƙala ne. Da'awa ita ce iyakar fili. Bayani da zane suna nuna yadda gidan yake, amma ranar rikici turakun iyaka ake dubawa. A ƙaddara wata malama a sashen injiniyan noma ta ƙera injin tsarga citta don manoman Kachia da Kagarko, waɗanda ke tsarga ta da wuƙa kafin shanya. Hikimar injin nata ita ce wata maƙogwara mai lanƙwasa da ke daidaita kowace saiwa ta fuskanci wuƙa a tsaye, yadda za ta rabu biyu daidai ba tare da ta dagargaje ba. In ta rubuta da'awarta haka: inji mai wuƙaƙe 6 na ƙarfen da ba ya tsatsa, da mota mai ƙarfin doki 2, da bel da fuli, a kan firam mai tsayin santimita 90, to ta killace ɗan lungu ne kawai. Mai walda zai sa wuƙaƙe 5, ya ɗora injin fetur, ya ɗaga firam ɗin, ya fita daga iyakarta da ƙafarsa, ya kuma tafi da maƙogwarar da ita ce dukiyar. Da'awa ta farko ya kamata ta tsaya a kan maƙogwarar da yadda take juya saiwa zuwa ga abin yanka, ko wane iri ne, ko guda nawa ne. Adadin wuƙaƙe da irin ƙarfe su biyo baya a ƙananan da'awowi, yadda in kotu ta rushe ta farko saboda ta yi faɗi, sauran su tsaya. In kuma ta wuce gona da iri ta ce duk injin da ke tsarga citta nata ne, tsofaffin injina za su rushe ta. Gano tsakiyar nan sana'a ce mai zaman kanta, ta wanda ya san fasaha ya kuma san doka, kuma irinsu ba su da yawa a ƙasar nan, balle a Arewa. Makarantun da ke jihar nan za su iya haɗa kuɗi su horar da mutum biyu ko uku su riƙa yi wa kowa, maimakon kowace ta naɗa wani farfesa darakta a kan aikin da yake yi, ba ma'aikaci, ba kasafi.

Akwai wani tarko a ɓangaren bayanin. Doka ta ce ya zama cikakke yadda masanin fannin zai karanta ya ƙera. Wasu kan ɓoye sinadari ɗaya ko ma'aunin zafi don kada a kwafa. Wannan ɓoyon dalili ne na soke takardar a kotu. Ciniki ne: ka bayyana wa duniya, a ba ka shekara 20. Wanda ba ya son bayyanawa, kuma abinsa irin wanda ba a gane shi ta hanyar kwance kaya ne, kamar haɗin sinadaran jima ko na sabulu, gara ya riƙe sirrinsa ya manta da rajista.

To, na wa ne? Nan zumunci yake ɓaci. Dokar ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a cikin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Malamin jami'a ma'aikaci ne, don haka haƙƙin na jami'a ne, ko da yake dole a ambaci sunansa a matsayin wanda ya ƙirƙira, kuma yana da haƙƙin lada mai ma'ana idan ƙirƙirar ta yi fice ƙwarai, ko idan ƙirƙira ba ta cikin sharuɗɗan aikinsa amma ya yi amfani da kayan wurin. Nawa ne ladan? Dokar ba ta yanka ba. Ɗalibi kuwa ba ma'aikaci ba ne. Kuɗin makaranta ya biya, sau da yawa ma da kuɗin aljihunsa ya sayi ƙarfe da boris. In bai sa hannu a wata yarjejeniya ba, jami'a ba ta da hujjar cewa kasonsa nata ne. Haka mai waldan da ya gyara zanen da bai yi aiki ba ya mai da shi mai aiki. Haka mai maganin gargajiyar da ya nuna ganyen. Sannan al'adar jera sunaye da ake yi a maƙala, a sa shugaban sashe don girmamawa, a sa aboki don ya sa ka a tasa, ba ta da wuri a nan. Wanda ya kawo tunanin da ke cikin da'awa shi ne mai ƙirƙira, ko ɗan aji huɗu ne. Kuma in mallakar ta haɗa mutum biyu ko makarantu biyu, ba wanda zai bayar da lasisi shi kaɗai sai an haɗu, sai fa in an rubuta akasin haka tun farko. Kamfani ba ya zuba kuɗi a kan kayan da ake jayayyar mai su.

Wasu ƙasashe sun yanke wannan a doka. Afirka ta Kudu, a dokarta ta 2008 kan binciken da aka yi da kuɗin gwamnati, ta ce masu ƙirƙira su sami aƙalla kashi 20 cikin 100 na rand (kuɗin ƙasar) miliyan ɗaya na farko da ya shigo, daga nan aƙalla kashi 30 na abin da ya rage bayan cire ɗawainiya. Jami'ar Stanford ta Amurka ta daɗe tana cire kashi 15 na gudanar da ofis, sauran ta raba uku: mai ƙirƙira, sashensa, tsangayarsa. Ba sai mun jira majalisar tarayya ba. Majalisar gudanarwa ta kowace jami'a za ta iya rubuta nata a shafi huɗu, ta manna a takardar ɗaukar aiki da fom ɗin rajistar ɗaliban babban digiri. Malamin da bai san kasonsa ba zai yi abin da kowa zai yi: ya wallafa ya wuce, ko ya kai abinsa waje a asirce da sunan ƙaninsa.

Wani abin da ofisoshin nan ke bukatar koya shi ne cewa a'a. Ba kowace ƙirƙira ce ke son fatent ba, wasu ma doka ta hana. Irin shuka da irin dabba ba sa shiga dokar 1970. Ke nan masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT na Samaru, da kazar Shika Brown, waɗanda su ne abin da binciken jihar nan ya fi kai wa talaka, hanyarsu daban ce. Sai a 2021 aka sa hannu a dokar kare haƙƙin masu samar da sabon irin shuka. Manhajar kwamfuta tana ƙarƙashin dokar haƙƙin mawallafi. Siffar kaya ta waje tana da rajistar zane, shekara 5 da ake sabuntawa sau biyu. Sunan kaya da tambarinsa kuma rajistar alamar kasuwanci, wadda ake ta sabuntawa ba iyaka. Buhun adana wake na PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ya fito daga Jami'ar Purdue ta Amurka kuma ake yin sa a Kano, ya isa misali. Hikimar toshe iska don ƙwari su mutu ba sirri ba ce. Abin da aka riƙe shi ne sunan da ingancin ledar, ana ba masana'anta lasisin buga tambarin bisa sharaɗin kaurin leda. Manomi yana neman buhun da sunansa. Injin cittar can ma, mai yiwuwa suna mai aminci da wurin sayen kayan gyara su fi kare shi a kasuwar Kachia fiye da shari'a a Babbar Kotun Tarayya da mai walda wanda duk jarinsa bai kai kuɗin lauya ba.

Zancen ƙetare kuwa a yi shi da lissafi. Takardar Najeriya a Najeriya kawai take aiki. Mai son kariya a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa sai ya bi ta OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, wadda Nijar da Kamaru da Chadi ke ciki, mu ba ma ciki. Yarjejeniyar Faris ta ƙasa da ƙasa kan mallakar fasaha ta ba mai nema wata 12 daga ranar shigarwar farko ya shigar a wasu ƙasashe da wannan ranar. Yarjejeniyar PCT ta haɗin kan ƙasashe wajen neman fatent, wadda Najeriya ta shiga a 2005, tana tsawaita lokacin yanke shawara zuwa wata 30 a yawancin ƙasashe, ta kuma kawo rahoton bincike na gaske kan ko abin sabo ne. Amma babu wani abu wai shi fatent na duniya. Bayan wata 30 ɗin kowace ƙasa da kuɗinta, da lauyanta, da fassararta, duk da dala ko yuro. Jami'ar da ba ta sami kamfanin da zai ɗauki wannan nauyi a cikin wa'adin ba, ta haƙura kawai. Ba kunya ba ce.

Mu da kanmu muna da darasi a kan abin da ke biyo bayan takarda. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, zamanin Farfesa Charles Wambebe, ta inganta wani haɗin gargajiya na cutar sikila wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace, ta sa masa suna Niprisan, ta sami fatent a Amurka a 1998. Bincike na gaske, takarda ta gaske daga ofishin da ke tantancewa. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi shi kaɗai. A 2006 aka ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan. A 2008 kamfanin ya durƙushe da bashi, magani ya ɓace daga kanti, masu sikila da suka fara dogara da shi suka shiga nema. Sai bayan kusan shekara goma aka ba kamfanin magunguna na May & Baker lasisin ci gaba da yin sa. Shekarun da aka rasa daga cikin 20 ɗin nan aka zabge su, agogon ba ya tsayawa don kamfani ya faɗi. Lasisin mutum ɗaya ƙwai ne a kwando ɗaya. In dole ne a bayar da shi, kamar a harkar magani inda kamfani zai kashe kuɗi mai yawa kafin NAFDAC ta amince, to a rubuta matakai da ranaku: wata kaza a kafa injina, wata kaza a fara sayarwa, mafi ƙarancin abin da za a biya duk shekara ko an sayar ko ba a sayar ba, ikon duba littattafan ciniki, da sharaɗin cewa in kamfani ya gaza ko ya karye haƙƙi ya dawo nan take. A kuma yi wa lasisin rajista a Abuja, domin wanda ba a yi wa rajista ba ba ya aiki a kan wanda ba ya cikin yarjejeniyar.

Masu kawo misalin Amurka sukan ambaci dokar Bayh da Dole ta 1980, wadda ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati. Kafin ta, gwamnatin tana riƙe da takardu kusan 28,000, waɗanda aka ba lasisi ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Gaskiya ne dokar ta canza abubuwa. Amma a lura da yadda babbar nasarar wancan zamani ta zo. Fasahar haɗa ƙwayoyin halitta ta masana biyu, Cohen na Stanford da Boyer na Jami'ar Kalifoniya, ba a ba kamfani ɗaya ba. An buɗe lasisi ga kowa a kan dala 10,000 a shekara da ɗan kaso daga ciniki. Kamfanoni sama da 400 suka karɓa, kuɗin da ya shigo ya haura dala miliyan 250 kafin wa'adi ya cika a 1997. Kuma ko a can, yawancin ofisoshin jami'o'i ba sa mayar da kuɗin da ake kashewa a kansu. 'Yan ƙalilan ne ke cin babbar riba. Shugaban jami'ar da ke lissafin cewa fatent zai biya masa kuɗin wuta da dizal yana shuka ne a idon makwarwa.

Wa zai ƙera a Kaduna? Masaƙun Kakuri sun yi shiru tun tuni, kuma ba mu da jerin kamfanonin da ke zagaya jami'o'i suna farautar fasaha. Abin da muke da shi Panteka ce, ga ta nan kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, inda ake narka alminiyam a zuba tukunya, a lanƙwasa ƙarfe a fitar da injin niƙa. Mutanen nan sun san abin da malami bai sani ba: wane boris ne ake samu a kasuwa, wane kaurin ƙarfe ne mai saye zai iya biya, ina ne inji ke fara karyewa bayan wata uku a ƙauye. A yanzu jami'a tana kallonsu a matsayin masu satar fasaha, su kuma suna kallon injinta a matsayin kayan ado. Ga injin noma da na sarrafa abinci, ni lasisi mai araha ga mutane da yawa nake goyon baya. A zaɓi masu ƙira biyar ko goma ta hannun ƙungiyarsu. A ba su cikakken zane da ma'aunan yanka da horon mako guda. Ɓangaren da ke ɗauke da hikimar, irin maƙogwarar can, a riƙa yin sa a wuri ɗaya ana sayar musu, da lamba a jiki da tambarin makaranta. Kason jami'a yana cikin kuɗin wannan ɓangare, ba sai an bi kowa da rasit ba. In ana sayar da inji naira 400,000, a misali, kaso 3 cikin 100 naira 12,000 ne. Mai walda zai biya wannan da daɗin rai in tambarin yana kawo masa mai saye, ba zai biya 80,000 ba.

Kafin a kai nan akwai ramin da ba wanda ke son cikewa. Samfur ɗaya da ya yi aiki minti 20 a gaban masu jarrabawa bai zama kaya ba. Sai an ƙera biyar ko goma, an kai wa manoma sun yi kaka guda da su, an ga bel ɗin da ke tsinkewa da wuƙar da ke dakushewa, an sake zane, an fitar da farashin guda in za a yi 100, an nemi shaidar hukumar ingancin kaya ta SON ko NAFDAC in kayan na bukata. Kuɗin bincike na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, yakan ƙare ne a rahoto da maƙala, banki kuma ba ya ba da bashi a kan samfur. Da jami'a za ta ware ko da abin da take kashewa a bikin yaye ɗalibai guda ɗaya don wannan mataki, ta zaɓi ƙirƙira uku kacal a shekara, ta sa 'yan kasuwa da masu ƙira a kwamitin zaɓen, da an ga bambanci.

Akwai masu cewa, kuɗin jama'a aka yi binciken da shi, don me za a killace a sayar wa jama'a? Hujja ce mai nauyi, kuma a wurare da dama ita ce daidai: hanyar shuka, ko haɗin abincin kaji, ko dabarar adana hatsi, a sake su ta rediyo da malaman gona kowa ya ɗauka. Sai dai abin da ke bukatar jari kafin ya zama kaya, in na kowa ne, ba mai zuba kuɗinsa, domin ranar da ya yi nasara maƙwabcinsa zai kwafa a banza. Mallaka kuma ita ce ke ba jami'a bakin gindaya sharaɗi: a ƙera a Najeriya, kada farashi ya wuce kaza ga asibitocin gwamnati, a bar ƙananan masu ƙira su yi. Wanda ya saki abinsa ba shi da wannan bakin.

Tunda kwamitocin ƙarin girma sun fara ba takardar maki, za a ga takardu sun yawaita, domin samunta ya fi wallafa maƙala a mujallar kirki sauƙi. Gyaran ba shi da wuya. A ba takardar ƙaramin maki, kuma sai an haɗo da rahoton binciken da ya nuna sabuwa ce. Babban makin a ajiye shi ga lasisin da aka sa wa hannu, da adadin kayan da aka sayar, da shaidar kuɗin da ya shiga asusun makaranta. Ofishin kuma duk shekara ya kawo wa majalisar jami'a jadawali: fom nawa malamai suka miƙa, nawa aka ƙi da dalilin ƙi, nawa aka shigar, nawa ke da lasisi, da ranar da kuɗin sabunta kowace takarda zai cika. Wannan layi na ƙarshe a sa masa jan biro. In ranar ta wuce akwai rangwamen wata shida tare da tara, daga nan takardar ta mutu, ko da firam ɗin yana nan rataye a ofishin shugaban tsangaya.